Idan Mai Kimanta Gida Ya Dawo Ya Tarar Ba a Gama Gyara Ba

A harkar sayen gida da bashin banki a Amurka akwai wata gajeruwar ziyara da yawancin masu saye ba sa sanin da zamanta sai ranar da ta tsayar musu da ciniki. Mai kimanta gida, wato ƙwararren da banki ke turawa ya faɗi nawa gidan zai yi a kasuwa, ya riga ya zo karon farko, ya zagaya, ya rubuta rahotonsa. Sai dai ya gindaya sharaɗi a ciki: farashin nan da na faɗa yana nan ne idan an toshe rufin da ke yoyo, an kankare fentin da ke ɓarewa, an rufe wayoyin lantarkin da ke tsirara a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Mai gida ya ce ya ji, zai gyara. Bayan mako biyu ko uku dillali ya bugo waya ya ce an gama, banki ya sake tura mai kimantawa ya je ya gane wa idonsa. Da isarsa sai ya tarar an yi biyu, na ukun yana nan yadda ya bar shi, ko an ɗan taɓa shi sama-sama. Ranar sa hannu a takardun ciniki kuwa jibi ce. Ra'ayina a kan abin da ya kamata ya yi a wannan hali guda ne: ya rubuta cewa ba a gama ba, ya faɗi abin da ya saura dalla-dalla, ya haɗa da hotuna, ya miƙa wa banki. Akwai wurin sassauci a cinikin, wuri mai faɗi ma kuwa, amma yana hannun banki da mai saye da mai sayarwa. Wanda aka aika ya shaida ba shi da rabo a cikinsa.

Dalilin farko yana cikin yanayin adadin da aka rubuta a rahoton farko. Idan mai kimantawa ya ce gida ya kai dala 240,000 bisa sharaɗin gyara, gidan da ya yi wa kuɗi bai wanzu ba tukuna. Ya ƙaddara ne cewa an riga an yi aikin, ya auna shi da gidajen unguwar da aka sayar suna da lafiyayyen rufi, sannan ya fitar da adadin. Ziyara ta biyu ita ce ke mayar da wannan ƙaddarawa ta zama gaskiya. Fom ɗin da aka saba cikewa tun 2005, wanda Fannie Mae ke kira 1004D, Freddie Mac kuma ke kira 442 (kamfanoni biyu ne da ke sayen basussukan gida daga bankuna), tambaya ɗaya yake yi a wannan sashe: shin an kammala aikin yadda rahoton farko ya shar'anta? Akwatuna biyu ne, na i da na a'a, sai fili a ƙasa inda wanda ya ce a'a zai bayyana yadda abin da ya saura ya shafi darajar gidan. Babu akwatin "saura kaɗan", babu na "ɗan kwangila ya yi alkawari zai dawo Litinin". Wanda ya zaɓi i alhali ya ga tabon ruwa sabo a silin bai yi wa kowa rangwame ba, ya shaida abin da idonsa ya ƙaryata ne. A kan wannan shaida banki zai saki kuɗi, a kanta zai sayar da bashin ga Fannie Mae ko Freddie Mac, ko ya nemi hukumar gidaje ta tarayya, FHA, ta tsaya masa, kuma duk cikinsu babu wanda zai taka ƙafa ya je gidan.

Sai a duba wanda abin zai faɗa wa a ka. Kafin a sa hannu, mai sayarwa yana da dalili mai ƙarfi na kiran mai gyaran rufi da sassafe, domin kuɗinsa na maƙale. Da zarar an sa hannu kuɗi sun shiga asusunsa, dalilin ya tafi, shi ma sau da yawa ya bar garin. Dillali ya karɓi la'adarsa, jami'in bankin da ya haɗa bashin ya karɓi nasa kason. Mutum ɗaya ne zai kwana ƙarƙashin rufin, wato mai saye, kuma galibi shi ne mafi ƙarancin hali a cikinsu. Sharuɗɗan gyara sun fi yawa a bashin da FHA ke tsaya wa, wanda ake iya samu da biyan kashi 3.5 cikin 100 kacal na kuɗin gida tun farko, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na masu sayen gida ta wannan hanya karon farko ke nan da suke mallakar muhalli. Irin wannan iyali sun tattara ɗan abin da suka tara shekara da shekaru sun zuba a ranar ciniki. Idan ruwan sama na farko ya zubo musu a ɗakin yara, babu wasu dubban daloli a gefe da za su ɗauko. Kati za su ci bashi da shi a kan kuɗin ruwa mai tsada, ko su sa bokiti su jira, katako na ruɓewa a hankali. Tausayin da ake cewa mai kimantawa ya yi wa mai saye, don kada ranar tarewarsa ta goce, shi ne ya raba shi da makami ɗaya tilo da yake da shi a kan mai sayarwa.

Amurka ta taɓa gwada kawar da kai a wannan fage, kuma abin da ya biyo baya yana rubuce. Dokar gidaje ta 1968 ta kawo wani shiri da ake kira Sashe na 235, wanda ya bai wa talakawa damar sayen gida da kafin alƙalami ɗan kaɗan, wani lokaci dala 200 kacal, gwamnati kuma ta sauko musu da kuɗin ruwa har zuwa kashi 1 cikin 100. Niyya ce mai kyau. Amma 'yan kasuwar gidaje suka riƙa sayen tsofaffin gidaje da araha a birane irin su Detroit da Philadelphia, su shafa fenti, su liƙe tsagar bango, sannan su samu masu kimantawa na FHA, wasu da cin hanci wasu da sakaci, su sa hannu cewa gida lafiya lau. Iyalai baƙar fata, da yawansu mata masu riƙe da 'ya'ya su kaɗai, suka tare suka tarar na'urar ɗumama gida ba ta aiki, bututun ruwa a fashe, rufi na zuba. Da yawa suka kasa haɗa gyara da biyan bashi, suka fice, gwamnati ta wayi gari da dubban kangaye a hannunta a Detroit kaɗai. A farkon 1971 sakataren gidaje George Romney ya dakatar da ɓangaren shirin da ya shafi tsofaffin gidaje, an kuma gurfanar da jami'ai da dillalai a kotu. Keeanga-Yamahtta Taylor ta bi diddigin wannan lamari a littafinta Race for Profit na 2019. Gaskiya ne cewa wancan almundahana ce shiryayya, ta fi ƙarfin mutum guda da ya ji nauyin dillali ya sa hannu a kan gyaran da ya saura kwana biyu. Amma ƙofar da aka bi guda ce, wato shaidar cewa an gyara abin da ba a gyara ba, kuma waɗanda suka kwana a ciki irin mutanen da muke magana ne a yau.

Batun fenti ya fi kowanne jawo gardama, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Mu ɗauki gidan katako da aka gina a shekarun 1950 a wata unguwar Cleveland. Rahoton farko ya ce a kankare fentin da ke ɓarewa a tagogi da baranda a sake shafawa. Ranar dawowa, gaban gida yana sheƙi, sabon fenti fari fat. Mai kimantawa ya zagaya baya, ya tarar tagogin kicin biyu ba a taɓa su ba, sannan a gindin bango, cikin ciyawa da kan matakalar baranda, ɓarɓashin tsohon fentin da aka kankare yana nan a warwatse kamar ɓawon gyaɗa. Dillali zai ce, fenti ne fa kawai, ado ne. A gidan da aka gina bayan 1978 maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. A wanda ya girmi wannan shekara kuwa, wadda a cikinta Amurka ta hana amfani da fenti mai dalma a gidajen zama, ana ɗaukar cewa akwai yiwuwar dalma a cikinsa, shi ya sa ƙa'idar FHA ta nemi a gyara. Yaro mai rarrafe yana kai hannu baki, ƙurar da ke kan dakalin taga tana shiga cikinsa, illar da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro kuma ba ta warkewa. Mai karatu a arewacin Najeriya ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan guba, bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Hanyar ta bambanta, can niƙan duwatsun zinariya ne a cikin gida, yawan gubar ma ya fi nesa ba kusa ba, amma sinadarin ɗaya ne. Aikin da aka kankare aka bar ɓarɓashin a ƙasa ya fi wanda ba a fara ba haɗari, domin ya sauko da dalmar daga bango zuwa inda yaro ke wasa.

Ƙorafi na farko da ake yi a kan wannan ra'ayi nawa mai nauyi ne, kuma bai kamata a raina shi ba. Jinkiri yana da tsada. Banki kan kulle wa mai saye farashin kuɗin ruwa na kwana 30 zuwa 60, idan wa'adin ya cika sai ya biya a tsawaita ko ya karɓi sabon farashi. Ya riga ya sanar da mai gidan haya zai tashi, ya kama motar kwashe kaya, ya yi wa yara rajistar sabuwar makaranta. Mai sayarwa ma wataƙila da kuɗin nan zai biya gidan da zai koma, ciniki uku a jere na iya rushewa saboda tagogi biyu. Duk wannan gaskiya ne. Abin da masu ƙorafin ke tsallakewa shi ne, kalmar a'a a fom ɗin ba ta kashe ciniki. Tana mayar da magana ne ga wanda ke da ikon yanke ta, wato jami'in tantance bashi na banki, kuma yana da hanyoyi a hannunsa. Mafi sauƙi, a ba ɗan kwangila kwana biyu ya ƙarasa, a sake tura mai kimantawa, a biya kuɗin ziyara ta uku, wanda bai taka kara ya karya ba idan aka auna shi da kuɗin gidan. Idan kuma aikin ba zai yiwu yanzu ba, kamar fentin waje a watan Janairu a Minnesota inda sanyi ba zai bar shi ya kama ba, sai a riƙe kuɗin gyaran a asusun amana, a sa hannu, a yi aikin idan yanayi ya sake. Littafin ƙa'idojin FHA mai lamba 4000.1 ya yarda da haka, banki ya cike fom na 92300 yana ɗaukar alkawarin ganin an kammala. Ma'aikatar tsofaffin sojoji, wadda ita ma ke tsaya wa basussukan gida, tana neman a riƙe ninki ɗaya da rabi na kuɗin aikin. Fannie Mae, a sabon ginin da wani abu ya saura, tana neman kashi 120 cikin 100 da wa'adin kwana 180. An sa rarar ne domin kowa ya san ƙiyasin ɗan kwangila ba ya tsayawa inda ya fara, kuma domin wanda aka riƙe wa kuɗi ya ji ciwon barinsu. Wannan hanya ba ta buɗuwa sai an faɗi gaskiya tukuna. Wanda ya rubuta cewa an gama ya rufe ta, domin ba a riƙe kuɗin aikin da takarda ta ce an yi.

Sai dai asusun amana ba maganin kowace cuta ba ne, kuma a nan nake rabuwa da waɗanda suke son a mayar da shi hanyar fita a kullum. Sharaɗin FHA a fili yake: dole gidan ya zama wanda za a iya zama a cikinsa lafiya a ranar sa hannu. Shimfiɗa kwalta a hanyar shiga mota na iya jiran bazara. Bututun hayaƙin na'urar ɗumama gida da ya tsage ba zai jira ba, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce tana kashe mutum fiye da 400 a shekara ba tare da gobara ba. Kuɗin da ke kwance a asusu ba sa hana wannan iska shiga ɗakin barci a daren farko. Fannie Mae ma ta raba abin gida biyu: ƙananan lalacewa ana iya barinsu, amma duk abin da ya taɓa lafiyar mazauna ko ƙarfin gini sai an gama shi kafin a kawo mata bashin. Shi ya sa bayanin mai kimantawa ya fi akwatin da ya zaɓa muhimmanci. Rahoton da ya ce "ba a kammala ba" ya yi shiru bai taimaki kowa ba. Wanda ya ce an maye gurbin rufin gaba, na baya bai samu ba, ga hoton jiƙaƙƙen katako a ƙarƙashinsa, ya bai wa banki abin da zai tantance da shi ko jira za a yi ko riƙe kuɗi.

Ƙorafi na biyu daga masu kimantawar kansu yake fitowa. Suna cewa, mu ba injiniyoyi ba ne, ba masu aikin lantarki ba ne, me ya sa za a ɗora mana hukuncin ingancin gyara? Suna da gaskiya rabi. Aikinsu abin da ido ke gani ne, kuma inda abu ya wuce saninsu, kamar tsagar harsashin gini ko wayarin da ke cikin bango, daidai ne su ce a kawo takardar mai lasisin wannan sana'a, banki ya dogara da ita. Amma rashin zama injiniya ba hujjar sa hannu ba ce, hujjar faɗin iyakar abin da aka gani ce. Akwai kuma ɗaya gefen da ya kamata a faɗa musu. Ziyara ta biyu ba dama ce ta ƙara sabbin sharuɗɗa ko ɗaga ma'auni ba. Idan an ce a sa abin riƙewa a matakala, aka sa mai ƙarfi amma mummuna, an cika sharaɗi, a rubuta i. Idan an toshe yoyo ta hanyar da ba ita ya zata ba amma ta yi aiki, ya bayyana, ya wuce. Mai kimantawar da ke fito da sabon jeri a kowace zuwa yana zubar da mutuncin a'a ɗinsa, har ranar da ya faɗe ta a kan abu mai haɗari a ɗauka halinsa ne kawai. Abin da ya faru bayan ziyarar farko, kamar bishiyar da ta faɗo kan rufi, wannan dabam ne, ya sanar da banki.

Matsin lambar da ake yi wa masu kimantawa kuwa ba zato ba ne. Hukumar da majalisar Amurka ta kafa don binciken rikicin kuɗi na 2008 ta kawo a rahotonta na 2011 cewa tsakanin 2000 da 2007 masu kimanta gidaje 11,000 sun sa hannu a wata takardar koke, suna cewa masu ba da bashi na tilasta musu su ƙara farashi, wanda ya ƙi kuma a daina ba shi aiki. A 2007 babban lauyan jihar New York na lokacin, Andrew Cuomo, ya kai kamfanin eAppraiseIT ƙara bisa zargin biye wa bankin Washington Mutual, bankin da ya durƙushe a shekarar da ta biyo baya. Daga nan dokar Dodd-Frank ta 2010 ta haramta tursasa wa mai kimantawa ko yi masa barazana da aiki. Wancan rikici na kumbura farashi ne, amma muryar da ke cewa "taimaka mana mu rufe cinikin nan" ita ce dai ke bugo waya a kan gyara. Kuma idan ta ɓaci, sunan da ke kan takarda shi ake nema. Hukumar lasisi ta jiha na iya ƙwace lasisinsa, dokar tarayya kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 30 ga wanda ya yi wa banki ƙarya da gangan don a ba da bashi. Dillalin da ya roƙe shi ba ya cikin wannan lissafi.

Ƙorafin da ya fi damuna shi ne na uku. Ana cewa wannan tsanani talaka yake cutarwa, domin masu sayarwa na gudun mai bashin FHA su rungumi mai tsabar kuɗi wanda ba zai kawo musu mai duba fenti ba. Wani bincike da ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasa ta yi a 2021 ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 ne kawai na masu sayarwa ke son karɓar tayin mai bashin FHA ko na tsofaffin sojoji. Matsala ce ta gaske, tana kuma tura tsofaffin gidaje masu araha hannun 'yan jari. Amma inda za a gyara ta shi ne ziyarar farko, wajen zaɓen abin da ya cancanci zama sharaɗi. FHA ta taɓa yin haka a ƙarshen 2005, ta cire abubuwa irin su gilashin taga da ya tsage, tsohuwar darduma da famfo mai ɗigo daga jerin gyaran dole. Ana iya ƙara tacewa, ana iya sauƙaƙa bashin 203(k) da ke haɗa kuɗin saye da na gyara wuri guda. A rage sharuɗɗa a fili, kowa ya sani, wannan gyaran ƙa'ida ne. A bar su a rubuce sannan a riƙa shaidar zur a kansu, wannan yana bar wa talaka gidan da bai gyaru ba tare da takardar da za ta hana shi kuka.

Wasu kan kafa hujja da cewa tun 2023 Fannie Mae ta yarda, a wasu yanayi, a karɓi takardar shaida daga mai saye tare da hotuna da rasit maimakon komawar mai kimantawa, wai hakan ya nuna ziyarar al'ada ce kawai. Ni akasin haka na karanta. Sauya mai shaida aka yi, ba a sauke nauyin shaidar ba, kuma yanzu ya koma wuyan mai saye, wanda ɗokin tarewa ya fi kowa ruɗa. Duk wanda aka miƙo masa wannan takarda ya hau soro ya duba kafin ya sa hannu. Wannan gargaɗi ya shafi 'yan uwanmu mazauna New York, Chicago ko Houston, har da masu bin kamfanonin sayen gida ba da riba ba, domin da yawan waɗannan kamfanoni da Freddie Mac ko Fannie Mae suke hulɗa, ƙa'idar kimantawa guda ce.

Wani lokaci mai sayarwa zai ƙi gyarawa, ya ƙi a riƙe kuɗi, ya ƙi rage farashi, ciniki ya mutu. Mai sayen da ya sa sharaɗin samun bashi a yarjejeniyarsa galibi yana karɓar kafin alƙalaminsa ya nemi wani gida. Mai sayarwa kuwa bai tsira da komai ba, domin a yawancin jihohi doka ta wajabta masa bayyana aibin da ya sani ga mai saye na gaba, dokar tarayya ta 1992 kuma ta tilasta masa faɗin abin da ya sani game da fenti mai dalma. Rufin da ya ƙi gyarawa a watan Maris zai rubuta shi da hannunsa a takardar da zai miƙa wa mai tayi na watan Afrilu, wanda shi ma zai cire kuɗin gyaran daga farashi.